A Rubuta Matsalar Jirgi Tun Tana Ƙarama

A ranar 12 ga Agustan 2015 wani jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Bristow, ƙirar Sikorsky S-76, ya faɗa ruwa a Oworonshoki da ke Legas yana dawowa daga wata rijiyar mai ta cikin teku. Mutum 12 ne a ciki, shida suka rasu, har da matuƙan biyu. Da masu bincike suka tsamo tarkacen, sai suka tarar wata sandar ƙarfe da ke kai umarnin matuƙi zuwa babbar farfela ta rabu da kanta, notin da ya kamata ya riƙe ta kuma a kwance yake. Wata na zagayowa hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin gaggawa a duba wannan sanda a jiragen wannan ƙira.

Sai mutum ya san yadda ake tuƙa jirgin zai gane girman abin. Matuƙi yana riƙe da sanda ɗaya a hannun dama, da ita yake karkata jirgin gaba ko baya ko gefe. Hannun hagunsa na kan wata da yake ja sama idan zai ɗaga, ƙafafunsa biyu kuma suna kan fedar da ke sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana gangar jirgin yin hajijiya. Duk motsin da ya yi, ta cikin sanduna da notuna da man haidrolik mai matsi yake bi kafin ya isa farfela. Idan inji ya mutu a sama, an koya wa matuƙi yadda zai bar iska ta ci gaba da juya farfela har ya sauka. Amma idan ɗaya daga cikin sandunan nan ta balle, gwanintarsa ta ƙare, don yana juya sanda ne jirgin ba ya ji. Haka aka yi a Lesta ta Ingila a Oktoban 2018, inda fedar ta daina sarrafa farfelar wutsiya, mutum biyar suka mutu ciki har da mai ƙungiyar ƙwallon garin.

Shi ya sa dokokin jiragen sama ba su bar wannan ga ganin damar kowa ba. A Amurka, duk wata tangarɗa a na'urorin tuƙi wajibi ne a sanar da hukumar binciken haɗura nan take, ko da jirgin ya sauka lafiya lau. A Tarayyar Turai awa 72 aka ba mutum. A nan gida ma dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sun wajabta kai rahoto, ga kuma hukumar binciken haɗura ta NSIB da ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗuran jirage ta AIB bisa dokar 2022. Hikimar ita ce ƙarfe ba kasafai yake karyewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Sanda za ta yi ɗan nauyi a hannu, ko feda ta yi tauri, ko a ji wata rawa da ba a saba ji ba. Idan an rubuta, rahoton Fatakwal zai haɗu da na wata ƙasa, kamfanin da ya ƙera jirgin ya gane cewa aibin ba na jirgi ɗaya ba ne.

Ni a ganina dokar ba ita ce matsalarmu ba. Abin da nake tsoro shi ne halin da muka saba da shi na rufa-rufa. Matashin matuƙi da iyayensa suka kashe maƙudan kuɗi kafin ya samu lasisi, ya sha zaman jiran aiki, yana sane da cewa layi ɗaya da zai rubuta a littafin jirgi zai iya ajiye jirgin kwana da kwanaki, kamfani ya yi asarar haya. Sai ya raɗa wa injiniya da baki, injiniya ya ce ai ba komai, a lallaɓa. Wannan raɗa ba ta zuwa ko'ina. Kuma kada a ce a Najeriya kaɗai ake yi: a haɗarin jirgi mai saukar ungulu da ya kashe shugaban rukunin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa a Kalifoniya a Fabrairun 2024, binciken Amurka ya ɗora babban laifin kan shiga mummunan yanayi da matuƙin ya yi, amma ya kuma kama kamfanin da sakaci wajen tabbatar da ana rubuta lalacewar kayan jirgi.

Masu kamfanoni za su ce idan kowane ɗan motsi sai an ajiye jirgi, ba za a yi kasuwa ba, ga kayan gyara da dala ake sayowa. Gaskiya ne akwai tsada. Sai dai ba kowane rahoto ne ke hana tashi ba. Injiniya mai lasisi ne zai duba ya yanke hukunci ya sa hannu, kuma ba zai iya yanke hukunci a kan abin da aka ɓoye masa ba.

A nan ne nauyin ya hau kan Zariya. Tun 1964 aka kafa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Palladan, kuma daga cikinta matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya da yawa na ƙasar nan suka fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da malaminsa ya yaba masa don ya ce "ranka ya daɗe, na ji wani abu ba daidai ba", ko da an duba ba a ga komai ba, shi ne zai iya tsayawa gaban manaja gobe. Ya kamata a riƙa karanta rahoton haɗarin Oworonshoki a aji, a ɗora irin sandar da notin a kan teburi kowa ya taɓa.

Ita kuwa NCAA, abu biyu nake roƙonta: ta riƙa wallafa yawan rahotannin tangarɗar da take samu da matakin da ta ɗauka a kansu, sannan ta hukunta duk kamfanin da ya kori ma'aikaci ko ya danne masa girma saboda ya kai rahoto.