Ƙofar Shugaba da Haƙƙin Mai Rauni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwana Musulmi na Sakkwato da sauran wurare.

Idan aka tambayi mutane siffofin shugaba na gari, da yawa za su ambaci ilimi da kwarjini da sakin hannu da iya magana, kuma babu abin ƙi a cikinsu. Sai dai akwai ma'auni guda wanda nake ganin ya fi su fito da gaskiyar mutum, shi ne a duba ko talakan da ba shi da uwa a gindin murhu yana iya isa gaban wannan shugaba ya faɗi kukansa, a saurare shi, a karɓo masa haƙƙinsa, ba tare da ya biya kowa ko ya durƙusa wa wani bafade ba. Mai kuɗi da mai hanya ba su taɓa rasa ƙofar shiga ba a kowane zamani, don haka ganinsu a zauren shugaba ba ya nuna komai game da adalcinsa.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa sahabi Abu Maryam Al-Azdi ya shiga wurin Mu'awiya, Allah Ya yarda da su, ya gaya masa cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa duk wanda Allah Ya jiɓinta wa wani abu daga al'amuran Musulmi, sai ya sa shamaki tsakaninsa da buƙatunsu da talaucinsu, to Allah zai sa shamaki tsakaninSa da buƙatarsa da talaucinsa ranar alƙiyama. Da Mu'awiya ya ji haka bai yi fushi ba, bai kuma ce an raina shi ba, sai ya naɗa mutum na musamman domin kula da buƙatun jama'a. Ku dubi nauyin wannan gargaɗi. Hadisin bai ambaci kisa ko ƙwacen gona ba, abin da ya ambata kawai shi ne shugaba ya ɓoye kansa, mabuƙaci ya neme shi ya rasa. Kuma sakamakon ya zo daidai da laifin, domin ranar da shi ma zai tsaya ba dogari ba mai gadi, yana neman rahamar Ubangijinsa fiye da yadda talaka ya taɓa neman tasa, sai ya tarar an rufe masa.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzurin cewa wannan magana baƙuwa ce a wurinmu. Lokacin da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa hanyoyin mulkin zalunci a cikin Kitabul Farƙi, bai tsaya ga harajin da shari'a ba ta aza ba kamar jangali da kuɗin gari ba, ya haɗa da rufe ƙofa a fuskar mabuƙata, da karɓar gaisuwa, da kuma wannan mummunar ɗabi'a ta cewa idan abokin shari'arka ya riga ka zuwa da kuɗi, ba za a karɓi maganarka ba ko da an san kai ne mai gaskiya, sai in ka ba da abin da ya fi nasa. A kan irin waɗannan abubuwa ya yi ta wa'azi shekara da shekaru a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Saboda haka duk mai riƙe da wani muƙami a garin nan, wanda yake alfahari da cewa shi jikan mutanen Shehu ne, ya tsaya ya tambayi kansa da gaske: in da za a sake rubuta wancan lissafi yau, ofishinsa zai faɗa cikin waɗanda aka yaba ko cikin waɗanda aka zarga?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda shamakin yau yake zuwa da tufafin tsari, har mai shi ba ya jin yana aikata laifi. Dattijo zai yi sammako daga ƙauye, ya ranto kuɗin mota, ya zo kan maganar fansho ko filin gado ko takardar ɗansa, ya wuni a kan benci, la'asar ta yi a ce masa maigida yana ganawa, ya dawo mako mai zuwa. A gabansa kuwa wani zai sauka daga mota ya wuce kai tsaye ba tare da an tambayi sunansa ba. Shugaban yana ciki, mai yiwuwa ma mutum ne mai salla a sahun farko, mai azumin Litinin da Alhamis, bai san dattijon ya zo ba. Amma rashin sanin nan shi ne ainihin abin tuhuma, tun da shi ya yarda aka gina katangar da ta hana labari isa gare shi. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ni kuwa ban yarda wannan karin magana ya zama mafakar shugabanni ba, domin bafade bai naɗa kansa ba. Wanda ya zaɓe shi, ya zaunar da shi kusa, ya ji daɗin kirarinsa, shi ne zai amsa tambaya a kansa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana a hadisin Bukhari cewa babu wani shugaba face yana da makusanta iri biyu, masu umartarsa da alheri suna kwaɗaitar da shi a kai, da masu umartarsa da sharri suna zuga shi, kuma wanda ya tsira shi ne wanda Allah Ya tsare. Shi ya sa Shehu ya sa amintaccen waziri a gaba cikin mataimakan mai mulki, wanda zai tashe shi idan ya yi barci, ya tunatar da shi idan ya manta. Tarihinmu ma ya ba mu misali mai ƙarfi. 'Yan shekaru kaɗan da fara jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga zukatan wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya, abin ya dame shi har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, sai da mutanen Kano suka riƙe shi, a can ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami kan yadda ake hukunci da mulki bisa shari'a, daga baya ya dawo. Ba a kore shi saboda ya faɗi abin da ya gani ba, hasali ma da Shehu ya raba ɗawainiyar mulki a 1812, shi aka damƙa wa yammacin daula, Muhammadu Bello kuma gabas. Yau idan na kusa da shugaba ya gaya masa gaskiya mai ɗaci, sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne a daina ɗaukar wayarsa, a ce ya koma wa 'yan adawa. Shugaban da ya yi haka sau ɗaya ya koya wa dukan na kewaye da shi cewa shiru ya fi riba, daga nan kuma ba zai ƙara jin halin da jama'arsa ke ciki ba sai abin da aka tace masa.

Sai maganar kyauta, wadda ita ce makullin da ke rufe ƙofa ga wani ya buɗe ta ga wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar, sannan ya rantse cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ta wannan hanya zai zo ranar alƙiyama yana ɗauke da shi a wuyansa, ko raƙumi mai kuka, ko saniya, ko tunkiya. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito shi. To ragon layya da ɗan kwangila yake aikowa, da buhun shinkafa da ke isa gidan mai yanke hukunci ana gobe zaman shari'a, da ambulan da ake kira goro, duk a auna su da wannan tambaya ta Annabi: kafin ka hau kujerar nan, mutumin nan ya taɓa kawo maka? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ana yin sa ne a kan wanda bai kawo komai ba.

Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, a huɗubarsa ta farko bayan mubaya'a ya ce mai rauni a cikinku shi ne mai ƙarfi a wurina har sai na karɓo masa haƙƙinsa, mai ƙarfi kuma mai rauni ne a wurina har sai na karɓi haƙƙi daga hannunsa. Idan muna neman masu rauni a jiharmu yau ba sai mun wahala ba. 'Yan'uwanmu na yankin Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah sun ɗanɗana azabar 'yan bindiga, an kashe na kashewa, an sace na sacewa, wasu garuruwan har haraji aka ɗora musu kafin su yi shuka ko girbi, mata da yara da yawa sun baro gidajensu suna zaman gudun hijira. Duk wanda ke wakiltarsu ko yake riƙe da wani yanki na al'amarinsu, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya je ya gani da idonsa, ya zauna da su, ya ɗauki kukansu zuwa inda ya dace ba tare da ya rage masa zafi don gudun ɓacin ran na sama ba. A shekarar fari da aka fi sani da Ramada, Sayyidina Umar ya hana kansa nama da man shanu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, domin ba ya so ya ƙoshi alhali jama'a na cikin yunwa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nasihar nan ta gwamna ce da sarakuna kaɗai. Hadisin Ibnu Umar ya ce dukanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Mai unguwa da hakimi da kansila suna ciki, haka shugaban makaranta da limamin masallaci da sarkin pawa da shugaban 'yan kasuwar Kara, har da maigida wanda matarsa da 'ya'yansa ke jin tsoron tunkararsa da damuwarsu sai sun ga ranar da ya tashi da fara'a. Kowannensu yana iya ware lokaci sananne da zai zauna kowa ya same shi ba tare da ɗan rakiya ba, ya binciki yadda masu tsaron ƙofarsa ke karɓar mutane, ya mayar da kyautar duk wanda ke da magana a gabansa, ya kuma riƙe aƙalla mutum ɗaya mai tsoron Allah da zai iya ce masa ka yi kuskure. Mu kuma mabiya, Annabi ya sanya nasiha ga shugabanni cikin addini, saboda haka mu yi ta da ladabi da gaskiya ba da zagi a kafafen sadarwa ba, mu kuma daina cika zaurensu da roƙon a fifita ɗanmu a kan wanda ya fi shi cancanta, domin kowane gurbi da aka ba mu ba bisa haƙƙi ba, daga hannun wani marar gata aka fizge shi.

Ya Allah Ka tausasa wa wanda ya tausasa wa bayinKa, Ka ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ka mayar da 'yan'uwanmu da aka raba da gidajensu zuwa garuruwansu da gonakinsu cikin aminci. Amin.