Soja ya sayar da motar, bai haɗa da makanikensa ba

Jama'a, akwai wata al'ada a Amurka da na daɗe ina bibiya, kuma kullum sai ta tsaya mini a rai. Idan rundunar soja ta gama da manyan motocinta, sai a yi gwanjonsu, farar hula su saya. Wani manomi ne, wani mai yankan katako, wani kuwa sha'awa ce zalla, ya fente ta ya riƙa kai ta fareti. Wadda ta fi shahara a hannun mutane ita ce M35 mai taya goma, wadda kamfanin REO ya fara ƙerawa wajen 1950, daga baya Kaiser da AM General suka ci gaba. Ta ga yaƙin Koriya, ta ga na Biyetnam. Ko babu kaya a bayanta, nauyinta ya kusa tan 6.

Ka saurari hirar sababbin masu saye, duk ta inji ce. Wai yana shan dizal, yana shan kananzir, har baƙin mai wasu ke tacewa su ɗura masa. Birki kuwa sai an yi sa'a a tuna da shi, alhali nan ne lagon motar yake.

Yawancin samfurin M35A2 birkinsu layi ɗaya ne. In ka taka, man birki ya taso daga tukunya ɗaya, iska ta ƙara masa ƙarfi, sannan ya rarrabu zuwa ƙafafu shida (huɗun baya taya bibbiyu ne). To, tiyo ɗaya ya fashe, ko roba ɗaya ta saki a ƙafa ɗaya, man ya tsiyaye, magana ta ƙare. Birkin zai nutse har ƙasa, ba ƙafar da za ta kama. Ƙananan motoci a ƙasar an wajabta musu layi biyu tun ƙarshen shekarun 1960 saboda irin wannan. Kada ma a kawo mini zancen birkin hannu: an yi shi ne don ajiye mota a tsaye, ba don tare tan 6 a gangara ba.

Sai wani ya ce, ai soja ya yi shekara da shekaru yana tuƙa ta a haka. Gaskiya ne. Amma a bariki motar ba ita kaɗai take ba. Direba na da takardar dubawa kafin tafiya, da lokacin tafiya, da bayan an dawo. Akwai makanike, akwai littafin gyara mai kauri, akwai na sama da zai tuhume ka in ka yi sakaci. Ranar gwanjo ƙarfen kawai ake miƙa maka, sau da yawa ma bayan ya daɗe a jibge a fili rana da ruwa na dukansa.

Tukunyar man birkin tana ƙarƙashin daɓen gaban direba, sai ka ɗaga wani ɗan murfi, ka share ƙasar da ta taru a bakinta, ka haska fitila kafin ka ga ko akwai mai. Abin da ido ba ya gani kullum, mantawa ake yi da shi. Man da soja ke zubawa kuma DOT 5 ne, mai launin shunayya, ba ya haɗuwa da DOT 3 da ake samu a kowane shago. Ba ya shan ruwa, don haka duk ɗigon da ya shiga sai ya gangara ya kwanta a ƙasan layi yana cin ƙarfe ta ciki. Tiyo ma ta ciki yake ruɓewa, waje fes. Tankunan iska kuwa, buɗe famfon ƙasansu bayan aikin yini ka ga abin da za su tofar: ruwa gauraye da mai. Akwai ƙararrawar da ke kuka muddin ƙarfin iskar tankunan bai kai awo 60 a ma'aunin PSI ba, kuma duk wanda ya cire wayarta don ta dame shi, ni dai ban san sunan da zan kira shi ba.

Hatta sojan ya sha wuya da birki. Babbar 'yar'uwarta M939 mai ɗaukar tan 5 ta yi ta ƙwacewa tana kifewa a jiƙaƙƙen titi, musamman in kayanta ba nauyi, har aka hana a wuce mil 40 a awa da ita, sannan daga 1999 aka shiga saka mata ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki.

Inda doka ta yi sako-sako shi ne lasin. Na tuƙa manyan motoci yana farawa ne daga nauyin fam 26,001 (kusan tan 12), ita kuwa M35 ba ta kai ba ko da lodinta. Ke nan a yawancin jihohi wanda bai taɓa riƙe abin da ya wuce ƙaramar mota ba zai iya hawa titi da ita, wasu jihohin ma ba sa duba lafiyar mota in an yi mata rajistar kayan tarihi. Ban ce a hana kowa sha'awarsa ba, kuɗinsa ne. Amma titin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ra'ayina, daga filin gwanjo a ɗora ta a bayan tirela, kada a tuƙa ta zuwa gida. A canza tiyo duka da robobin ƙafafun nan shida, a zubar da tsohon mai, a gwada birkin a filin da ba kowa, mai duba motoci ya sa hannu, sannan a ba ta lamba.