Muryar da aka raina a coci

Jiya da daddare ƙanena ya tarar da ni ina sauraron Otis Redding, mawaƙin soul, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, wai me kake tsinta a waƙoƙin mutanen da suka mutu tun ba a haife ka ba?" Ban ce masa komai ba a lokacin, don maganar ba ta amsar tsaye ba ce. Ga amsata yanzu.

Kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma a coci aka raine shi. A zamanin wariyar launin fata, coci ce wurin da jikan bawa zai ɗaga murya iya ƙarfinsa ba wanda zai ce masa ya yi shiru. Mai wa'azi ya ja, jama'a su amsa, ana tafi ana buga ƙafa. Wanda ya tashi yana jin makaɗi da 'yan amshinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. A shekarun 1950 Ray Charles, wanda ya makance yana ɗan shekara 7, ya ɗauko wannan salo ya zuba masa maganar soyayya da ta duniya. Masu addini suka yi masa ca, suna ganin ya kai kayan ibada gidan rawa. Sam Cooke daga ƙungiyar waƙar coci ta Soul Stirrers ya fito. Aretha Franklin kuwa 'yar fitaccen mai wa'azi ce a Detroit, a cocin mahaifinta ta fara rera waƙa tun tana ƙarama. Shi ya sa ko soyayya suke yi wa waƙa, sai ka ji kamar roƙo ne na wanda ya kai maƙura.

Yawancin mutane Motown suka sani, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Ba na raina shi. Can Marvin Gaye da Stevie Wonder suka yi suna. Amma Gordy ya taɓa aiki a masana'antar mota, kuma haka ya tafiyar da kamfaninsa: a goge waƙa tas, a koya wa mawaƙi yadda zai yi tafiya da yadda zai gaisa, don Turawa su saya.

Ni zuciyata tana Memphis, wajen kamfanin Stax, inda Otis ya yi waƙoƙinsa. Tsohon gidan silima suka mayar ɗakin ɗaukar waƙa, daɓensa ma a karkace yake. Makaɗan gidan, Booker T. & the M.G.'s, biyu baƙaƙe biyu farare, suna zaune ɗaki ɗaya suna aiki a garin da ake ƙyamar su ci abinci a teburi ɗaya. Mawaƙi da masu busa da mai ganga duk tare ake ɗauka. In murya ta dishe, da dishewarta za ka ji ta. In numfashi ya yanke, yana nan a faifan. Wannan shi ne abin da nake tsinta, ƙanena. Yau na'ura tana gyara murya har ba ka iya bambance mai kuka da mai dariya, kuma wallahi abin yana damuna, domin muna da yara masu baiwar murya da ake binne baiwar tasu a ƙarƙashin kwamfuta.

Otal ɗin Lorraine, inda mawaƙan Stax suke sauka su huta su tsara waƙa, nan ne aka harbe Martin Luther King a watan Afrilun 1968. Waɗanda suka yi aiki a kamfanin sun sha faɗin cewa daga ranar zaman bai koma yadda yake ba. A 1975 Stax ya durƙushe.

Kiɗan ya ƙetaro teku ya same mu. James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, sannan ranar 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da Tina Turner da Roberta Flack suka hau dandali a Accra, ranar bikin 'yancin Ghana.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda da yawansu ba su yi tsawon kwana ba. An harbe Sam Cooke a 1964 yana da shekara 33. Marvin Gaye mahaifinsa ne ya harbe shi a 1984. Otis kuwa jirgin da ya ɗauko shi ne ya faɗa wani tafki a jihar Wisconsin ranar 10 ga Disamba 1967, yana da shekara 26 kacal. Kwanaki kaɗan kafin nan ya kammala wata waƙa mai sanyi, ta mutumin da ya bar gida yana zaune a bakin ruwa yana kallon jiragen ruwa suna shiga suna fita. A ƙarshenta babu kalma, fito kawai yake yi har sautin ya ɓace. Bai ga fitowarta ba, bai kuma san ta hau matsayi na farko a Amurka ba. Ita nake ji lokacin da ka shigo.