Tankunan Kalundborg da Tukunyar Daddawa

A ƙasar Denmark, inda nake zaune, garin Kalundborg yana da ɗaya daga cikin manyan masana'antun duniya na enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauyawar abu, kamar daskarar da madara, mallakar kamfanin Novonesis, wanda aka kafa a 2024 bayan haɗewar Novozymes da Chr. Hansen. Aikinsu kiwon bakteriya da funfuna ne waɗanda aka sauya wa ƙwayar gado. Ana zuba su cikin rufaffun tankunan ƙarfe, a ba su sukari, a hura musu iska, a daidaita zafi, har su fitar da sinadarin da ake nema, sannan a tace ruwan a raba shi da ƙwayoyin, sinadarin kaɗai ya tafi wurin masu burodi da masu cuku.

A da, sai an yanka ɗan maraƙi mai shan nono kafin a sami abin daskarar da madara daga cikinsa. A 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa da bakteriyar E. coli ta samar, kuma yau mafi yawan cukun Amurka da sinadarin tanki ake yinsa. Ga Musulmin da ke zaune a Turai wannan sauƙi ne babba, domin tambayar yadda aka yanka maraƙin ba ta taso ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Bacillus subtilis, bakteriyar da ake sa wa ta samar da sinadarin da ke hana burodi saurin bushewa. Ita ce dai ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa idan iyayenmu mata sun dafa ta, sun rufe ta kwana biyu ko uku. Mun daɗe muna aiki da ita, haka ma masu wara, wato cukun gargajiya, da ke daskarar da madara da ruwan tumfafiya enzayim suke amfani da shi, amma ba mu kai ga aunawa da tacewa da sayarwa ba.

Shi ya sa muhawarar da ake yi a gida Najeriya kan irin shukar da aka sauya wa ƙwayar gado take damuna. Tun da aka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024, duk abin da aka taɓa ƙwayar gadonsa an yi masa kuɗin goro. Tambayoyi kan irin shuka, da wanda ya mallake shi, da makomar ƙaramin manomi, suna da tushe, kuma ya kamata hukumar NBMA mai sa ido kan abubuwan da aka sauya wa ƙwayar gado, wadda aka kafa a 2015, ta riƙa amsa su dalla-dalla. Sai dai abin da aka shuka a fili dabam yake da abin da aka kiwata a rufe aka tace. Mafi yawan enzayim da masana'antun abincinmu ke amfani da shi daga waje ake sayo shi da dala, alhali rogo da masarar da za a mayar sukarin ciyar da ƙwayoyin muna noma su. Babban cikas a ganina shi ne wutar lantarki, domin tankin da injinsa ya tsaya ana tsakar aiki, abin da ke cikinsa yakan lalace gaba ɗaya.