Kafin a ce mutanenmu ba sa son gwajin magani

Ma'aikatan lafiya na yawan ƙorafin cewa a Arewa samun masu shiga gwajin sabon magani jidali ne. Wai da an ambaci gwaji sai uwa ta goya ɗanta ta ce bari ta shawarci maigida, shi ke nan ba a ƙara ganin ƙeyarta. Daga nan sai a yanke hukunci cewa jahilci ne, a ƙara wayar da kai. Ni ban yarda ba. Matar nan ba ta manta abin da ya faru ba ne, ko da kuwa a bakin kakarta ta ji shi.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutane sama da dubu goma a Najeriya. Ana tsaka da ita kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada maganinsa Trovan. Yara 200 aka ɗiba, aka ba kusan rabi Trovan, sauran kuma ceftriaxone, maganin sanƙarau da aka riga aka sani. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye da dama suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kamar wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke bayarwa a harabar asibitin. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka muna buƙatar gwajin nan, fiye ma da masu kawo shi. Dubi sikila. A ƙasashe masu hali, yaron da aka gano yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ƙarin jini ake yi masa kusan duk wata. Wane magidanci ne a Ɗorayi ko Rigasa zai iya wannan, ina ma jinin yake? Shi ya sa likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗa kai da jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Suka auna gudun jini a jijiyoyin kan yara da na'ura, suka ware masu haɗari su 220, aka ba wasu ƙaramin awo na ƙwayar hydroxyurea, wasu matsakaici. Aka ga ƙaramin ma yana bayar da kariya. Iyayen Kano ɗin nan da ake cewa ba sa yarda su ne suka kawo 'ya'yansu, suka yi ta dawowa shekara da shekaru. A ganina dalilin a fili yake. Ciwon nasu ne, suna kwana da shi, kuma likitan da ya nemi izininsu shi ne dai wanda suka saba gani ranar asibitin sikila.

Inda masu bincike ke kuskure shi ne su gama tsara komai a ofis, sannan su kai gaisuwa fada, su ga liman, a yi hoto, su ce an tuntuɓi al'umma. Albarkar hakimi tana buɗe ƙofar gari, amma ba shi zai riƙe yaro a ɗebi jininsa ba. Uwar da za ta riƙe shi tana da tambayoyin da ba wanda ya zauna ya ji. Jinin nan ina ake kai shi? Kwalba nawa, sau nawa? In na wuni a layi wa zai ba ni kuɗin adaidaita, wa zai dafa wa sauran yaran? Lambar wayar da aka rubuta ta maigida ce, shi kuma yana kasuwa. Wani gidan ma surukarta ce mai yanke magana, kuma ba a gayyace ta ba. Sai a miƙo mata takardar amincewa shafi goma, an fassaro ta da Hausar da ko ɗan jarida sai ya karanta sau biyu, a ce ta dangwala. Me zai hana a ɗauki bayanin a murya ta tafi da shi gida a saurara tare, ko a rubuta da ajami ga wanda shi ya iya?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A wajen talaka, a ce za a duba ɗanka kyauta tayi ne mai wuyar ƙi. Ga kunya, ga girman likita a idonmu, sai mutum ya ce "to, likita" alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba. Dole wani wanda ba likitan yaron ba ya faɗa masa ƙarara cewa wannan gwaji ne, ba a tabbatar da amfaninsa ba tukuna, kuma in ya ƙi ko ya fita a tsakiya kulawar da ake ba ɗansa ba za ta ragu ba. Wasu za su fasa, adadi zai ragu, amma waɗanda suka tsaya ba za su ɓace bayan wata uku ba.

Yau muna da NAFDAC da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, manyan asibitoci kuma na da nasu kwamitocin. Ina so in ga iyayen masu sikila da masu tarin fuka da suka warke suna zaune a ciki tun ranar da ake tsara binciken. Kafin su sa hannu a ba su amsar abu biyu a rubuce: ranar da za a dawo a faɗa musu sakamako da Hausa, da kuma wanda zai ci gaba da biyan kuɗin maganin in ya yi aiki bayan masu binciken sun tattara kayansu.