Rowan Atkinson da wautar da aka gina da lissafi

Da wuya a samu mai kallon talabijin ko mai riƙe da babbar waya, daga Kano har Jakarta, da bai san fuskar Mr. Bean ba, amma ƙalilan ne za su iya faɗin sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi, kuma mafi yawan masu kallo ba su san cewa ainihin shirin kashi 15 ne kacal ba, waɗanda tashar ITV ta Birtaniya ta fara nunawa ranar 1 ga Janairun 1990, aka kuma kammala su a 1995. A ganina wannan ƙarancin shi ne mabuɗin fahimtar Rowan Atkinson. Mutum ne da ya ɗauki barkwanci a matsayin aiki mai ƙa'ida da awo, kuma duk lokacin da ya saki wannan ƙa'ida domin biyan buƙatar kasuwa, aikinsa ya ragu da daraja ko da kuɗin sun ƙaru.

An haife shi ranar 6 ga Janairun 1955 a gundumar Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, kuma babu abin da ke cikin karatunsa da ke nuna cewa zai zama ɗan wasa. Injiniyancin lantarki ya karanta a Jami'ar Newcastle, sannan ya wuce Oxford ya yi digiri na biyu a wannan fanni. A can ne ya haɗu da marubuci Richard Curtis da mai tsara kiɗa Howard Goodall, waɗanda suka zama abokan aikinsa na shekaru masu yawa. Yana da in'ina tun yana yaro, kuma ya taɓa bayyana cewa takan gushe idan ya shiga rigar wani mutum daban a fagen wasa. Ban yarda da masu mayar da wannan batu labarin ban tausayi ba, domin abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda matsalar ta tilasta masa lura da kowane harafi da kowane motsin leɓe, har ya zamana yana sarrafa fuskarsa da gangan, ba tare da barin komai ga sa'a ba.

Duk wanda ke shakkar haka ya sake kallon wasan jarrabawa da ke kashin farko na shirin. Bean ya shigo zaure da tarin alƙaluma, ya jera su a kan tebur yana taƙama, ya buɗe ambulan sai ya tarar da tambayoyin wani reshen lissafi da bai karanta ba. Daga nan sai ya duƙufa wajen satar amsa daga maƙwabcinsa: ya leƙa ta gefen ido, ya matsa kaɗan kaɗan a kan benci, ya hura takardar mutumin domin ta ɗaga, kowace dabara ta fi ta baya muni da rashin kunya. Sai da lokaci ya kusa ƙarewa ya gane cewa takardu biyu ne a cikin ambulan ɗin, kuma ta biyun ita ce wadda ya shirya mata. Dariyar ba daga murguɗa baki take fitowa ba kawai. An jera matakan ne ta yadda kowanne zai haifi na gaba, kuma an ɓoye takarda ta biyun tun daga farko domin ta fashe a daidai lokacin da ba ta da sauran amfani. Haka ya yi a bikin buɗe gasar Olympics ta Landan a 2012, inda aka ba shi aikin danna maɓalli guda na fiyano a tsakiyar ƙungiyar makaɗa da Simon Rattle ke jagoranta. Ya gaji, ya duba agogo, ya yi atishawa, sannan ya ɗauko lema ya ci gaba da danna maɓallin da ita domin ya samu miƙa hannu cikin jakarsa ya ɗauko abin share hanci, kuma duk wannan ba tare da ya kauce wa bugun kiɗan ba.

Rashin magana a cikin shirin ma shawara ce da aka gwada kafin a zartar. A 1987 ya kai wannan hali bikin barkwanci na birnin Montreal a Kanada, ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, domin ya ga ko za su yi dariya ba tare da sun dogara da Turanci ba. Sun yi, kuma abin da ya biyo baya shi ne shirin da ba ya buƙatar tafinta a ko'ina.

Sai dai wannan nasara ta yi masa wata illa da ba a cika magana a kai ba, wato ta binne aikinsa mafi kyau a idon duniya. Kafin Bean, Atkinson ya yi suna ne da baki. Ya fara fitowa sosai a shirin zambo na BBC mai suna Not the Nine O'Clock News daga 1979, sannan daga 1983 zuwa 1989 ya fito a Blackadder, wanda ya bi tarihin Ingila zango huɗu. Zangon farko ya ci kuɗi masu yawa bai kuma gamsar ba, sai aka rage kasafin, aka koma cikin ɗakin ɗaukar shiri, Ben Elton ya shigo cikin marubuta, aka sauya jarumin daga matsoraci mai kuka zuwa mai kaifin harshe da raina kowa. Zango na ƙarshe ya kai masu kallo ramukan yaƙin duniya na farko a shekarar 1917, ya ƙare da fitar jaruman zuwa filin daga inda mutuwa ke jiransu, kuma har yau Turawan Ingila na lissafa wannan ƙarshe cikin abubuwa mafiya ratsa zuciya da aka taɓa nunawa a talabijin ɗinsu. Wanda bai san Atkinson sai ta hanyar Bean ba bai ga rabin gwanintarsa ba, kuma ba laifin mai kallo ba ne, tunda zambon da ya dogara da tarihin sarakunan Ingila da salon maganarsu ba ya ƙetare teku cikin sauƙi.

Akwai masu cewa bai kamata a yi masa kuka ba, tunda shi da kansa ya ci gaba da tatsar wannan saniya. Suna da hujja. Fim ɗin Bean na 1997 ya kai shi Amurka, ya sa masa magana a baki, ya kuma lulluɓe shi da tausayi irin na finafinan Hollywood, alhali ƙarfin Bean na asali yana cikin son kansa ne da muguntarsa irin ta yaro, mutumin da zai cuci maras lafiya a layin asibiti domin ya riga shi ganin likita. Finafinansa na barkwancin leƙen asiri masu suna Johnny English guda uku, na 2003 da 2011 da 2018, sun kawo kuɗi sosai musamman a wajen Amurka, amma masu sharhi ba su yaba musu ba, kuma ban ga dalilin kare su ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wannan ya tabbatar da cewa ba shi da wata fasaha sai yamutsa fuska.

A 2016 da 2017 ya gwada fita daga wannan keji, ya fito a matsayin Maigret, ɗan sandan binciken Faransa mai yawan shiru da tunani, a finafinai huɗu na ITV. Ya yi wasan cikin natsuwa, ba tare da ko ɗigon barkwanci ba, amma ra'ayin masu sharhi ya rabu, kuma shirin bai ci gaba ba. Ina ganin matsalar ba ta rasa nasaba da mu masu kallo, domin mun shafe shekaru fiye da ashirin muna koyon cewa idan wannan fuskar ta yi shiru to wata ɓarna na tafe, sai muka zauna muna jiran ɓarnar da ba za ta zo ba.

Shi kansa ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa wasan Bean na gajiyar da shi, kuma yana jin nauyinsa fiye da daɗinsa, har a 2012 ya nuna cewa ganin mutum mai shekara hamsin da ɗoriya yana halin yara ya fara zama abin tausayi. Mafitar da aka samu ita ce shirin zane mai motsi da aka fara a 2002, inda murya kawai yake bayarwa, kuma kashe-kashensa sun ninka na ainihin shirin sau da yawa. Yara da dama a yau ta wannan zanen suka fara sanin Bean, wanda ke iya faɗowa daga bene ya tashi ba ko ƙwarzane, ba kuwa ta mutumin da ya ɓata mintuna yana rarrafe a kan allon tsalle na wurin ninƙaya saboda tsoron tsayi ba.