Darasin tushen kalmomin Latin da Girkanci: wanne ya cancanci kuɗinka?

A nan jihar Texas ta Amurka, tun bayan hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994, ana ɗaukar karatun gida, wato iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta, tamkar makaranta mai zaman kanta. Ba rahoton da za ka kai wa hukuma, saɓanin New York inda iyaye ke miƙa rahoto duk wata uku. Amma wannan 'yancin da nauyinsa yake zuwa, domin babu mai zaɓa maka littafi. Cikin 'yan uwanmu da suka ɗauki wannan hanya, tambayar da na fi ji ita ce: wane darasi za a saya na tushen kalmomin Latin da Girkanci?

Tambayar tana da dalili. Fiye da rabin kalmomin Turanci daga Latin, Faransanci da Girkanci suka fito. Faransanci ya kwararo ne bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, masana kimiyya da likitoci kuma suka ci gaba da ɗebo kalmomi daga Girkanci. Yaron da ya san cewa ɗafa-ƙeyar "itis" kumburi take nufi, in ya ga "hepatitis" ko "nephritis" ko "dermatitis", abin da ya rage masa kawai shi ne ya gane hanta ce, ƙoda ce ko fata. Wanda ya san "port" ɗauka ne, ba zai sha wahala da "transport", "export" da "portable" ba.

Mu a makarantar boko a gida ba haka aka koya mana ba. Malami ya cika allo da kalmomi da ma'anoninsu, mu kwafa, mu haddace saboda jarrabawar WAEC, bayan wata biyu sun zube. Amma a zauren malam, wajen karatun sarfu, wato ilimin ginin kalmomin Larabci, aikin daban ne. Daga haruffa uku kacal ake fitar maka da kataba, katibu, kitabu, maktubu, maktaba, kuma ba a barin ka da jerin nan a iska, gobe sai ka ci karo da su cikin aya ko baitin waƙa, malam ya tsaya ya ce, "Wannan daga ina ta fito?" Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi sukutum ya tsara a baitoci kan sarfu, Hisnur Rasin. Hausar kanta haka take tafiya: rina, marini, marina, ƙera, maƙeri, maƙera. Saboda haka wannan fanni ba baƙonmu ba ne, kuma da ma'aunin zaure nake auna duk darasin da aka tallata mini.

Cikin darussan da ake sayarwa, masu arha su ne na katuna: tushe a gaba, ma'ana a baya. Suna da amfani wajen tuni, amma in su kaɗai ne, allon malaminmu na sakandare ne aka sake wa riga. Littattafan cike gurbi kuma yaro mai wayo yana iya gama shafi ba tare da ya karanta jimlar ba. Akwai cikakken darasin harshen Latin da nahawunsa. Wannan aikin shekaru ne, kuma ga yaron da ke da Alƙur'ani da Larabci da Hausa a gabansa, ban ga inda za a samo lokacin ba.

Wanda nake goyon baya shi ne mai ba da tushe kaɗan a mako, uku ko huɗu, ya nuna su cikin sakin layi na gaske, daga tarihi ko kimiyya, sannan ya sa yaro ya warware kalmar da bai taɓa gani ba, ya kuma rubuta jimlarsa da ita. Ko jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a a Amurka, tun 2016 ta rage tambayar kalmomi masu wuyar sha'ani, ta karkata ga ma'anar kalma cikin jimla. Ina kuma duba ko marubutan suna da gaskiyar gaya wa yaro cewa tushe yakan yaudara. "Invisible" abin da ba a gani ne, amma "inflammable" ba abin da ba ya kamawa da wuta ba ne, shi ne ma mai saurin kamawa. Darasin da ya ɓoye wannan zai haifar da yaro mai cika baki da zato.

Kafin ka biya, nemi shafukan gwaji, yawancin kamfanonin suna bayarwa kyauta a intanet. Tambayi ko littafin malami da amsoshi suna cikin kuɗin, domin sau da yawa daban ake sayar da su. Da yawa daga masu buga kayan karatun gida a Amurka kamfanonin Kirista ne, wasu jimlolin misalinsu daga Baibul suke. Ba laifinsu ba ne, don mutanensu suka rubuta, amma ya kamata uwa ta gani da idonta tukuna. Kuma kada a fara da yaron da har yanzu yake harhaɗa baƙaƙe. A ganina sai karatu ya zauna a bakinsa, wajen shekara 9 ko 10, sannan a ba shi minti goma sha biyar a rana, ke ko kai kuna zaune kusa da shi.